Ranar da Inna Ta Shiga Motar Funtua

Duk wanda ya yi noma tsakanin Gozaki da Malumfashi a 'yan shekarun baya ya san yayana, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dogon nan da ke gaban 'yan ƙwadago idan an zo huɗar masara. Damina na kankama za ka ga babura a ƙofar gidanmu, masu gonaki kowa na son a fara da tasa. Inda ƙasa ta yi tsakuwa garmar shanu ba ta shiga, shi ake kira. In ya sunkuya da garmar hannu, sai ya kai ƙarshen gona ya juyo mutanensa ba su raba ta biyu ba. Ni ce ƙanwarsa ta uku, kuma ba zan ɓoye ba, da shi nake taƙama tun ina ƙarama. Ko faɗa na tsokano a bakin rijiya, da na ce zan kira Yaya an watse.

Ƙwaya ta hanyar shayi ta shigo rayuwarsa. Da safe kafin a shiga gona, mai gona yakan kawo shayi cikin babban filas, kuma babu wanda bai san abin da ake jefawa a ciki ba. Ba a kiran ta da mugun suna, maganin aiki ake cewa. Dattijon da zai tsine wa mai shan burkutu shi ne zai sayo tiramol da hannunsa ya narka wa ma'aikatansa, ya koma masallaci hankalinsa kwance. Yaya ya fara da wadda ke cikin shayin, daga baya ya koma saye da kansa, har ya kai ga in bai haɗiya ba ko alwala ba ya iya yi da kyau.

Lokacin ina aure a Malumfashi, ina koyarwa a wata firamare, sai ranar Asabar nake leƙowa gida. Ni na fara lura. Ya rame, yana yawan sosa hanci, ana cikin magana sai barci ya ɗauke shi a zaune. Mutumin da ba ya ɗaga murya ya koma yi wa 'ya'yansa tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Matarsa ta yi haƙuri iyakar haƙuri, daga ƙarshe ta kwashi yaran ta tafi gidansu a Tsiga. Ban ga laifinta ba, har yau kuma ban gani ba. Sati biyu da tafiyarta ya yanke jiki ya faɗi a tsakiyar gona da rana tsaka, yana kakkarwa yana kumfar baki. Aka ɗauko shi a baro. Kafin la'asar gari ya gama yanke hukunci: wai iska ce ta tsamiyar da ke bakin gonar ta buge shi.

Na sami Inna tana tankaɗe, na zauna na ce mata babu wata iska, ƙwaya ce ke neman kashe Yaya. Ba ta ɗago ba.

"To ni me zan ce, ɗiyar nan? Je ki faɗa ma baffanku."

Na san haka za ta ce. Yaya ɗan fari ne, Inna kuwa irin matan da ne masu riƙe alkunya har da ƙari. Tun da aka yaye shi kakarmu ta ɗauke shi. Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta zama inda yake zaune, ba ta kallon fuskarsa. In tana da saƙo sai ta ce, "Ku ce ma yayanku tuwonshi na nan," alhali yana tsaye a gabanta. Akwai mahaucin garinmu mai suna irin nasa, shekara da shekaru Inna ba ta san shi da wani suna ba sai "mai nama". Mutane suna yabonta a kan haka, a kan ce a je a koyi kunya a wurinta. Ni ma na taso ina ganin abin burgewa ne. Sai a ranar na gane cewa gida ɗaya suke kwana da Yaya, amma duk garin ita ce ƙarshen wadda za ta ga yadda idanunsa suka koma.

Mahaifinmu ya rasu, don haka magana ta koma hannun Baffa, ƙanensa. Baffa mutumin kirki ne, amma in ya riƙe abu ko da igiya ba a janye shi. Ya ce ya san wani gida can gaba da mu inda ake gyara kangararru da masu iska baki ɗaya. Na ce asibiti za a kai shi. Ya ce boko ya ɓata ni. Aka sa Yaya a mota, maza huɗu suna riƙe da shi.

Sau ɗaya na je dubiya, kuma ya ishe ni. Na tarar da shi a wani ɗaki mai duhu da mari a ƙafa, idon sawunsa duk ya yi gyambo. Ya dube ni ya kau da kai. Na fito na yi kuka a bayan katanga, na kuma zazzagi mai tsaron ƙofa, wanda shi bai san hawa ba bai san sauka ba. Bayan wata biyu aka dawo da shi shiru-shiru, Baffa yana ta nuna shi a masallaci wai ga aiki ya yi kyau. Ba a yi kwana ashirin ba ya koma ƙwayar, wannan karon ma fiye da da. Abu ɗaya da ya ƙaru shi ne ya daina gaida Baffa.

Daga nan na ce ni zan nemo magani da ƙafata. Matsalar ita ce ban san ta inda zan fara ba, kuma ba na iya buɗe baki in ce yayana ne. Na tambayi malaman makarantarmu, na ce wani ɗan maƙwabtanmu ne. Wannan ya ce rubutu, wancan ya ce a yi masa sabon aure, wata ta ce a kai shi hannun hukuma su kulle shi ya ji jiki. Babu wanda ya taɓa jin an kai mai shan ƙwaya asibiti ya warke. A tunaninmu irin wannan wurin sai a manyan birane, kuma na 'ya'yan manya ne.

Wadda ta buɗe mini ido wata mai kemis ce a bakin kasuwa, inda nake sayen maganin zazzaɓin yara. Iyayenta 'yan kudu ne, Kirista ce, amma a Malumfashi aka haife ta, in tana Hausa a bayan labule ba za ka ce ba Bakatsiniya ba ce. Ita ba ta sayar da ƙwayar, har zagi ta sha a kan haka. Na karanta mata labarin ɗan maƙwabta tiryan-tiryan. Ta saurara har na gama, sannan ta ce:

"Malama, wannan maƙwabcin naki, halan ciki ɗaya kuka fito?"

Na ji kamar in nutse. Na yi niyyar in yi mata rashin kunya, sai hawaye suka riga ni. Ta jawo mini benci, ta ce faɗuwar da yake yi ƙwayar ce ke kawo ta, kuma ɗaure mutum ba ya cire ta daga jikinsa. Ta ce akwai rana guda a mako da likitan ƙwaƙwalwa ke zama a wani asibiti a Funtua, kuma masu shaye-shaye ma yana ganinsu. Da na ji kalmar ƙwaƙwalwa na ce ai Yaya ba mahaukaci ba ne. Ta ce, "To ki zauna ki jira ya zama." Ban taɓa son mai gatsali irin yadda na so matar nan ba.

Zuwana na farko ban dace da ranar ba, na wuni a banza na dawo. Na biyu na dace. Na sami wata nas mai ƙiba da tabarau, ta zaunar da ni ta yi mini bayani ba tare da ta sa na ji kamar na kawo abin ƙyama ba. Ta ce ciwo ne, kuma ana warkewa, ta ga waɗanda suka warke da idonta. Amma ta gindaya sharaɗi biyu. Na farko, shi zai zo da ƙafarsa, ba a ɗaure ba. Na biyu, dole a zo da mutum ɗaya wanda suke kwana gida ɗaya, wanda zai riƙe maganinsa, ya ba shi da hannunsa kullum, ya dubi ƙwayar idonsa ya tambaye shi kai tsaye ko ya sha wani abu. Ta ce in babu wannan mutumin, yawanci wahalar banza ake yi.

Sharaɗin farko bai ba ni wuya yadda na zata ba. Na sami Yaya a gindin darbejiyar ƙofar gida na faɗa masa komai. Ya tambaye ni abu ɗaya: "Akwai mari?" Na rantse masa babu. Ya ce zai je.

Na biyun ne ya tsaya mini a wuya. Matarsa tana Tsiga. Ni ina da miji da aiki da yara a Malumfashi. Sauran ƙannenmu mata duk suna gidajensu. Baffa kuwa ko inuwarsa Yaya ba ya son gani. Gidan ya rage daga shi sai Inna.

Na same ta tana ɓarar masara a tsakar gida. Na fara da lallashi, na yi bayanin nas ɗin daki-daki. Ta ce a nemi wani. Na ce babu wani. Ta ce mutane za su ce me, a ce ta zauna tana ɗura wa ɗan fari magani a baki kamar jariri. A nan raina ya ɓaci, bakina kuwa in ya ɓalle ba ya jin birki. Na ce mata mutanen da take tsoro su ne za su zo su ci shinkafar sadakar uku su tafi. Na ce ita ta haife shi ba kakarmu ba, kakarmu kuma ta daɗe a ƙasa. Na ce shekara talatin da ɗoriya tana aike a kansa, yanzu 'yan aiken sun ƙare. Na faɗi wasu maganganun ma da ba zan rubuta ba, na nemi gafararta a kansu daga baya. Ita dai hannunta bai tsaya ba, masara na ta zuba a ƙwarya. Da na gaji na ɗauki jakata, sai ta ce, "Ki gaida yara." Na tafi ina huci, na tabbata na yi asarar bakina.

Ranar asibiti na zo da sassafe na ɗauki Yaya a babur zuwa bakin titi inda ake shiga motar Funtua. Niyyata in yi wa nas ƙarya in ce ni ce muke gida ɗaya. Muna isa na hango wata tsohuwa zaune a kan dutse da mayafin zuwa biki, da tabarma a naɗe, da buta, da ƙullin kaya a gefe. Inna ce. Ta riga mu fitowa, da ƙafa ta taka tun bayan sallar asuba. Ana haka mota ta tsaya. Inna ta shiga gaba, mu muka shiga baya. Har Funtua babu wanda ya yi tari.

A wurin yankar kati akwai layi. Da aka zo kanmu, ma'aikacin ya tambayi sunan mara lafiya ba tare da ya ɗago ba. Na buɗe baki ke nan sai na ji an faɗi sunan a gefena, da ƙarfi, har da na mahaifinmu. Muryar Inna ce, kuma kowa a layin ya ji. Ma'aikacin ya rubuta abinsa, shi a wurinsa suna ne kamar kowane suna. Na waiga na ga Yaya ya dafa bango. Ƙaton mutum mai 'ya'ya huɗu, bai taɓa jin sunansa a bakin uwarsa ba sai a gaban tagar kati. Ya ja hularsa ya rufe fuska. Ni kuwa wani irin alfahari ya cika mini ƙirji, na ji kamar in juya in gaya wa duk mutanen layin cewa wannan tsohuwar uwata ce.

A ofishin likita abin bai zo da sauƙi ba. Likitan ya yi wa Yaya tambayoyi, ya amsa da gaskiya, har adadin da yake sha ya faɗa. Daga nan nas ta ce wa Inna ta gwada tambayar da za ta riƙa yi masa kullum. Inna ta dubi bango ta ce, "A tambaye shi ko ya sha yau."

Nas ta yi murmushi ta ce, "Hajiya, ai ga shi nan kusa da ke. Bango bai sha komai ba."

Inna ta gyara mayafi. Ta juyo a hankali kamar wuyanta ya sage, ta sa ido a fuskarsa. Ta daɗe tana kallonsa, ina jin a ranar ta fara ganin furfurar da ta fito masa a gemu.

"Ka sha yau?"

"Na sha biyu, Inna. Da asuba."

"To. Allah ya sa su ne na ƙarshe da za ka sha a ɓoye."

Likita ya ce jikinsa ya yi nisa, sai an kwantar da shi a babban asibiti an janye ƙwayar sannu a hankali, ya rubuta mana takarda. Sati uku ya yi a can. Ashe tabarmar da butar ba don ado Inna ta ɗauko su ba, ta riga ta shirya zama. Ta shimfiɗa abarta a baranda tare da sauran masu jinya. Na je ranar Asabar ta farko na tarar da shi yana zufa yana rawar sanyi, ƙasusuwansa na ciwo, yana roƙon a sallame shi. Inna tana zaune a bakin gadon tana matsa masa ƙafa, daidai wurin tabon mari. Matan da ke barandar ba su san komai game da alkunyarta ba, sai yabon yadda ta shaƙu da ɗanta suke yi. Ta kan ce musu, "Uhm," kawai.

Da suka dawo gida, maganin yana cikin wani gwangwani a ɗakinta. Kullum da safe yakan zo ya durƙusa a ƙofa, ta ba shi ya haɗiya a gabanta, ta dubi idonsa ta yi tambayarta. Duk wata kuma su shiga motar Funtua tare. Gari ya ɗauka, ba shakka. Wata ƙawarta ta zo har gida ta ce ta ji abin mamaki, wai an ce yanzu har hira take yi da ɗan fari. Inna ta ce, "Ƙwarai, jiya ma mun yi." Baffa ya yi fushi na ɗan lokaci don an tsallake maganarsa, daga baya shi ya je Tsiga bikon matar Yaya, kuma ta dawo. Wannan kam na yaba masa.

Ba zan yi ƙarya in ce tun daga nan komai ya miƙe ba. A wata na huɗu ya zame, wani tsohon abokin aikinsa ya ba shi a kasuwar Musawa. Washegari da Inna ta tambaye shi ya ce ya sha. Da ni ce da na tara masa unguwa. Ita mayafinta ta ɗauka ta ce ya tashi su tafi, ba ta jira ranar da aka ba su ba. Nas ta ce faɗin da ya yi da bakinsa ya fi mata komai.

Abin da duk muke tsoro shi ne damina. Da rani mutum zai iya kauce wa ƙwaya, amma huɗa ita ce sana'arsa, a can kuma filas ɗin ke jiransa. Da ruwa ya zauna, babura ba su zo kamar da ba, samarin da ya koya wa aiki sun kafa tasu ƙungiya. Mutum ɗaya ne ya kira shi, gonar masara a hanyar Gozaki. Na ƙi zama a Malumfashi ranar, na nemi izini a makaranta na taho gida. Inna ta dama masa kunu ta zuba a jarka, ta ce kada ya sha na kowa.

Abin da ya faru a gonar daga bakin mai gonar na ji daga baya. An zagayo da shayi, Yaya ya ɗaga jarkarsa ya ce ya gode. Aka shiga aiki, kafin hantsi yaran da yake bari a baya sun wuce shi sun juyo sun sake wuce shi. Wani mara kunya a cikinsu ya ce, "Baba, ko a kawo maka kujera?" Yaya ya ce a kawo, da matashi. Sau uku yana zama a inuwa. Abin da ya huɗe ranar bai kai sulusin na da ba.

Mu muna tsakar gida ni da Inna da matarsa, kowa na yin kamar yana wani aiki. Bayan la'asar muka ji sallamarsa. Ya shigo yana jan ƙafa, garma a kafaɗa, rigarsa ta jiƙe sharkaf, tafin hannunsa ya yi ƙulu-ƙulu da bororo. Ya jingine garmar, ya zo ya zube a gaban Inna a kan ƙasa. Ta ajiye tsintsiyar hannunta ta dube shi, ba ta ma kai ga tambaya ba ya riga ta.

"Ban sha ba, Inna. Wallahi na gaji. Ko'ina ciwo yake mani."

"Haka mutane ke gajiya," in ji ta. "Ubanka ma haka yake dawowa."

Ta ce wa matarsa ta ɗora ruwan zafi. Kafin ruwan ya tafasa barci ya kwashe shi a nan inda yake, kansa a gefen tabarmarta, takalmi wari ɗaya a ƙafarsa. Na tashi zan tashe shi ya shiga ɗaki, Inna ta ɗaga mini hannu. Ta jawo mafici ta shiga kore masa ƙuda.